Waɗanda Aka Bari a Hanya

Mahaifina yana da labari guda da ya fi so a duniya, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin baƙinmu na unguwar Ƙurban a Madina ya ji shi. Labarin yadda kakansa ya baro ƙasar Hausa ne lokacin da Nasara suka ci ta. Malami ne a wani gari gabas da Kano. Da ya ga yadda al'amari ya juya, sai ya ce shi ba zai kwana ƙarƙashin tutarsu ba, ya tattara iyalinsa da duk mai son binsa, suka yi gabas a ƙasa. Sun yi shekaru a hanya, suna noma damina suna tashi da rani, har Allah ya kawo su Madina. A nan aka haifi mahaifin Baba, aka haifi Baba, aka haife mu. Waɗanda ba su ƙaraso ba, suka zauna a Chadi da Sudan, Baba yana kiransu mutanen hanya.

Maigidana ɗan mutanen hanya ne. Daga wani ƙauye cikin gonakin auduga na Sudan ya zo neman aiki yana saurayi, Hausarsa ta fi tawa tsabta nesa ba kusa ba. Da ya nemi aurena Baba bai ja magana ba, ya ce ai namu ne, rabo ne kawai ya tsayar da su. Gyaran mukayyif yake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani shago da ke gindin dutsen Uhudu. Shagon na babban yayana ne, kuma takardar zaman maigidana, iƙamarsa, da sunan Yaya take, shi ne kafilinsa. A shekara ashirin da uku na aurenmu ban taɓa ganin ya ɗaga ido ya dubi Baba ba, ban taɓa ganin ya ci abinci a gabansa ba. In Baba yana magana, nasa dai «haka ne, Baba» da «Allah ya ƙara lafiya».

Ni malamar lissafi ce a firamaren 'yan mata, tarihi ba fagena ba ne. Babbar 'yarmu ce ta ɗauke shi a jami'a. A shekararta ta biyu malamarsu ta ba su bincike a kan dalilin da ya sa ƙasashe masu masana'antu suka bazama ƙetare suna kama ƙasashen mutane. Ta zo mini da shi ina tsaka da yanka albasa, tana bayani da Larabci kamar kullum, don tana jin Hausa amma bakinta ba ya ɗaukarta. Ta ce masana sun rabu. Wasu sun ce masaƙu da injuna ne suka buƙaci auduga da gyaɗa da kasuwa, sai gwamnatoci suka bi 'yan kasuwa da sojoji. Wasu sun ce a'a, yawancin ƙasashen da aka kama ba su ma mayar da abin da aka kashe a kansu ba, gasa ce kawai tsakanin sarakuna, kowa na tsoron kada maƙwabci ya riga shi. Akwai kuma masu cewa a duba abin da mutanen suka faɗa da bakinsu, cewa sun zo hana cinikin bayi ne. Malamar ta ce kowace ɗaliba ta zaɓi ɓangare ta kare shi, wadda kuma take da dattijo a gida ta naɗo muryarsa.

«Ni ina da Sidi,» in ji ta. Haka yaran Hijaz ke kiran kaka. «Amma da Hausa yake ba da labarin nan. Sai kin zauna kusa da ni.»

Muka sa ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da iyali ke taruwa a gidan Baba. Zafi ya riga ya shigo, mukayyif ɗin ɗakin baƙi kuma yana ɗigar da ruwa a bango, don haka Yaya ya ce wa maigidana ya zo da kayan aikinsa. Haka muka zauna: Baba a kusurwarsa ya jingina da matashi, Yaya a damansa, ni da yarinyar a gabansa ta ajiye wayarta a kan tire kusa da kofin shayi, maigidana kuma yana kan tsani ya ba mu baya, ya buɗe cikin na'urar.

Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa an kawo masa farar hularsa, ya tsokani yarinyar, ya ce amaryarsa ta zo ɗaukar sirrinsa ta kai wa gwamnati. Da na fassara masa ra'ayoyin nan uku, bai bari na gama ba.

«Na farkon ne ya yi gaskiya,» ya ce. «Sun ƙera abin da ba ya ƙoshi. Injin yana cin auduga dare da rana, ƙasarsu kuwa sanyi gare ta, auduga ba ta fita. To ina za su samo? Sai gonar wani. In sun saƙa kuma wa zai saya? Sai mai gonar. Kakana ya ce tun kafin a ga soja an ga yadinsu a kasuwa, masaƙan garinsu suka fara zaman banza. Daga baya bindiga mai ruwa ta biyo yadin.»

Yarinyar tana rubutu da sauri. Ya ba da labarin hijirar daga farko, yadda aka binne littattafan da suka yi nauyi, yadda ƙishirwa ta kashe jakuna, yadda aka haifi wani kawunsa a gindin bishiya. Na san kowace gaɓa, har inda zai tsaya ya kurɓi shayi. Da ya kai ƙarshe sai ta duba takardarta, ta ce mini saura tambaya ɗaya.

«Baba, tana tambaya,» na ce, «maganar da suka yi cewa sun zo hana bauta, duk ƙarya ce, ko akwai wani abu a ciki?»

«Ƙarya ce tsagwaronta. Bautar da suka sani ta ƙasarsu ce, ta sarƙa da jirgin ruwa. Mu a wurinmu bawa ɗan gida ne. Abin da ka ci shi zai ci. Kakana ya fito da bayinsa, ba wanda aka ɗaure, da ƙafarsu suka biyo shi saboda ƙauna.»

Yarinyar ta ce a tambaye shi ko duk sun iso Madina.

«Ba duka ba. Wasu sun gaji a Sudan. Suka ga Nasara na biyan lada a gonar auduga, zuciyarsu ta karkata, suka zauna. Allah ya yafe musu, tafiyar ba ta kowa ba ce.»

A nan na lura ƙarar ƙarfe ta tsaya a bayana. Na ji tsanin ya motsa. Maigidana ya sauko a hankali, ya goge hannunsa da tsumma, ya zo ya durƙusa a bakin darduma, nesa kaɗan da Baba, kansa a ƙasa. Na ɗauka zai ce wani abu ya lalace sai an sayo.

«Baba, a gafarce ni,» ya ce. «Kakana bai gaji ba.»

Ban taɓa jin muryarsa haka ba, a daidaice, ba rawa.

Ya ce an kamo kakansa yana ƙaramin yaro a wani hari, shi da ƙanwarsa, aka kai su gidan wani malami. Da malamin ya tashi hijira, kan yaron aka ɗora buhun littattafai, ita kuma tana goyon 'ya'yan gida. Ba a tambaye su ba. Da suka shiga Sudan guzuri ya ƙare, sai wata safiya aka kira yarinyar aka miƙa ta ga wani mai raƙuma, aka karɓi hatsi da abin hawa. Yana tsaye da buhu a kansa aka wuce da ita. Bayan kwana biyu ya gudu, ya yi ta tambaya har ya kai ofishin wani Bature, Baturen ya rubuta masa takarda cewa daga ranar ba shi da ubangiji.

«Ba na ce Baturen yana sonsa ba,» ya ce. «Auduga yake so. Ba a daɗe ba suka kwashe su zuwa haƙar hanyoyin ruwa, da bulala a kansu, mutane na faɗuwa da zazzaɓi ana jan su gefe. Audugar da ya noma har ya tsufa bai taɓa sa rigarta ba. Na riske shi ina yaro. Tabo iri biyu ne a bayansa, yakan ɗaga riga ya nuna mana, ya ce wannan na gida ne, wannan na Bature. Amma yana cewa a hannun Bature ne ya fara kwana da sanin cewa ba za a sayar da ɗansa ba. Ita ƙanwar har ya mutu yana tambayar fatake.»

Baba bai motsa ba. Hannunsa na kan gwiwarsa, na ga yatsunsa sun damƙe rigar.

«Wane malami ne?» ya tambaya.

«Ban sani ba, Baba. Ayarin da yawa ne a shekarun nan. Ban ce naku ba ne. Na dai ce bai gaji ba.»

Yaya ne ya fara magana. Mutum ne mai saurin hawa, amma ran nan a hankali ya yi ta, wanda ya fi tsawa muni.

«A ɗakin mahaifina kake yabon Nasara?»

«Ban yabe su ba, Yaya.»

«Ka ƙaryata dattijo a gaban jikarsa, ana naɗa. Shekara nawa kana cin arzikin gidan nan? Ka manta da sunan wa kake zaune a garin Manzo?»

Maigidana ya tashi ya tattara kayansa cikin jaka, ya bar murfin na'urar a jingine da bango, ya ce wa Baba Allah ya ƙara lafiya, ya fita. Yaya ya miƙa wa yarinyar hannu ya ce ta ba shi wayar. Ta ɗauke ta ta sa a cikin jakarta, ta ce da Larabci aikin makaranta ne, Kawu. Ya dube ni. Ni kuwa Baba nake kallo, ina jira ya ce wani abu, ko faɗa ne. Ya ce a taimaka masa ya tashi, zai yi alwala.

Daren nan da washegari maigidana bai tada maganar ba, ni ma na kasa. Sai ranar Lahadi da na tashi daga makaranta na wuce shagon. Rana ta take, motocin masu ziyara sun cika filin gindin dutse, masu rumfuna na kiran dabino da na'ana'a. Na same shi yana wanke wata na'ura a bakin ƙofa. Ya ce in zauna a mota saboda zafi, ya zo ya shiga gefena.

«Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?» na ce.

«Ba ki tambaya ba.»

«Ya za a yi in tambayi abin da ban san da shi ba?»

Ya dubi gilashin gaba. Sannan ya ce, «Da na faɗa tun farko, da Baba ya ba ni ke?»

Na buɗe baki in ce ƙwarai kuwa, sai maganar ta tsaya mini. Na tuna yadda gwaggonnina ke bin diddigin asali in ana neman aure, da irin kalmar da suke faɗa ƙasa-ƙasa su taɓe baki. Ya ga shirun da na yi, bai matsa ba. Ya ce sau da yawa ya ji labarin nan ya haɗiye, don ba a gaban 'yarsa ake rubuta shi ba. Ran nan kuwa ya ga tana rubuta cewa kakansa son lada ne ya tsayar da shi, za ta kai wa malama, a sa mata maki a kai.

«Ban yi niyya ba,» ya ce. «Sai na ga na riga na sauko.»

Iƙamarsa saura sati uku ta ƙare. Sabunta ta abu ne da Yaya ke yi da yatsa ɗaya a wayarsa, kullum a daidai wannan lokacin yake gamawa, ba mu ma sanin ya yi. Wannan karon sati ya wuce shiru. Yaya ya daina zuwa shagon, saƙon aiki ta bakin direbansa yake aikowa. Maigidana yana tashi da asuba ya tafi, ya dawo ya ci abinci kaɗan. Na san me ke ransa, don ƙauyensu yaƙi ya tarwatsa shi, 'yan'uwansa kowa ya kama gabansa, in aka ce ya koma babu inda zai koma. Kowace safiya kafin in shiga aji sai in duba waya ko ya turo mini saƙon sabuntawa. Na fara kuskure a allo, har wata ɗaliba ta gyara mini jimla.

A gida yarinyar ta shiga rubuta abin da ta naɗa kalma bayan kalma. Takan zo ta tsaya a ƙofar kicin da abin sauraro a kunne ɗaya, ta tambaye ni ma'anar kalma. Mene ne ayari. Mene ne fatake. Da ta zo kan «ba shi da ubangiji» sai ta rikice, don Ubangiji ɗaya ta sani, na yi mata bayani cewa mai bawa ma haka ake kiransa. Ta koma ɗakinta. Na ce mata ko za ta cire ɓangaren babanta, ko don a samu zaman lafiya. Ta ce in ta cire, sai ta miƙa abin da ta san ba haka yake ba. Na yi mata faɗan da ba ta cancanta ba, na ce ita takarda ta dama, mu kuwa gida ne zai rushe mana. Ta yi kuka, amma ba ta cire ba.

Da sati na biyu ya shiga na tafi gidan Yaya a unguwar Khalidiyya. Matarsa ta kawo shayi ta ba mu wuri. Na ɗauka zan same shi cikin fushi irin na mai jin an taɓa masa girma, sai na tarar ya yi tunani a kan abin, kuma hakan ya fi wuyar ja.

«Ke ba ki san yadda suke yi ba,» ya ce. «Na zauna da su a wurin aiki shekaru. Har gobe in ka ce sun kwashe arzikin mutane, sai su ce to amma mun hana bauta, mun kawo jirgin ƙasa, mun kawo asibiti. Da hawayen irin yarinyar nan suka sayi ƙasa guda. Sun nuna wa mutanensu bawa ɗaya a ɗaure, aka ba su izinin ɗaure miliyoyi. Jirgin ƙasan daga gona zuwa teku yake tafiya, ba daga gida zuwa gida ba. Yanzu mijinki ya ba 'yarki wannan ta kai jami'a, da muryar Baba a gefe, a ce ga jikan masu hijira, ga abin da suka yi. Kakanmu ya bar gidansa da gonarsa saboda addini. Abin da ya rage mana ke nan a garin nan, da shi ake ganin mutuncinmu.»

«Duk na ji, Yaya,» na ce. «Amma an sayar da ita.»

«Ba mu muka sayar ba.»

«Shi ma bai ce mu ne ba.»

«To me ya kawo maganar ɗakinmu?»

Na ce masa Baba ne ya ce sun gaji, shi kuma ya ce ba su gaji ba, iyakarta ke nan. Sannan na tambaye shi maganar iƙama kai tsaye. Ya ce bai ce ba zai yi ba. Ya ce mutum ya zo ya ba Baba haƙuri a gabansa, a goge abin da aka naɗa, sai a ga abin da za a yi. Da na gaya wa maigidana, ya ce haƙuri zai bayar ko yanzu, don ya yi magana a inda bai kamata suruki ya yi ba. Amma ba zai ce abin da ya faɗa ƙarya ne ba, kuma wayar ba tasa ba ce.

Duk wannan lokacin Baba bai ce uffan ba. Ina zuwa kullum in kai masa abinci in duba maganinsa, ya amsa gaisuwa, ya tambayi yara, shi ke nan. Juma'a biyu ya ce ba ya jin daɗi, kada a taru. Ya koma zama a ɗakin kwanansa. Ban san ko fushi yake da mu ba, kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Ranar wata Asabar da hantsi, saura kwana biyar takardar ta ƙare, ya kira ni a waya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

«Uwata, ki zo da yarinyar nan. Ta zo da wayarta.»

A mota na ce mata in ya ce ta goge, ta goge, wannan ba Yaya ba ne. Muka same shi zaune a bakin gado, ba hula. Ya nuna mata kujera, ya ce ta kunna.

Ya ce mahaifiyarsa da aka kawo ta gidan tana amarya, ita ta yi jinyar tsohuwa, matar malamin da ya yi hijira. Tsohuwar ta makance a ƙarshe, hankalinta yana zuwa yana tafiya. Kullum tana kiran sunan wata, tana cewa a ce mata ta shigo jirgi, ruwa zai tafi da su. Da mahaifiyarsa ta bincika, sai wata dattijuwa ta gaya mata kuyangar tsohuwar ce, wadda ta goyi 'ya'yanta tun daga gida har bakin teku. Da suka zo tsallakawa abin hannunsu bai kai ba, sai aka bar ta wa mai jirgin. An ce mata za a dawo a ɗauke ta.

«Sau ɗaya uwata ta gaya mini, ina saurayi,» ya ce. «Ta ce kada in faɗa wa babana. Ban faɗa wa kowa ba. Da na fara ba da labarin sai na bi ta gefenta, na yi ta bi ta gefenta har na daina ganinta.»

Na fassara wa yarinyar. Ta tambaya a hankali ko ita ce ƙanwar kakan babanta.

«Ba ita ba ce. Na yi ta auna abin kwanakin nan. Tasu a cikin ƙasa aka bayar da ita, ga mai raƙuma. Tamu a bakin teku.» Ya ɗaga yatsu biyu. «Su biyu ne ke nan. Waɗanda muka sani.»

Ya nemi ruwa, na ba shi. Da ya sha sai muryarsa ta dawo irin ta da, ya nuna wayar da yatsa.

«Ki rubuta, Nasara ba don ita suka zo ba. Auduga ta kawo su, ban janye ba. Kakana kuma ya yi daidai da ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ko yau aka sake ni zan bi shi. Amma ki rubuta mu ma ba mu tsaya dominta ba. Maganar gajiya kuwa ki cire, ban san abin da ya tsayar da kowa ba.»

Sannan ya ce in kira masa Yaya a waya. A gabanmu ya yi maganar, ba ta fi jimla uku ba. Ya ce ya ji an riƙe takardar mijin ƙanwarsa, ya ce ba a yin haka a gidansa, ya ce kafin azahar. Ban ji abin da Yaya ya amsa ba. Muna hanyar komawa gida saƙon ya shigo wayar maigidana, ya turo mini hotonsa ba tare da ya rubuta komai ba.

Juma'ar da ta biyo aka taru. Maigidana ya shigo ya durƙusa ya ba da haƙuri a kan katse dattijo da ya yi, Baba ya ce ya wuce, ya nuna masa wuri. Ba a tada maganar ba, aka yi hirar zafi da ta masu Umara. Da aka zo addu'ar tashi, inda Baba ke jero iyaye da kakanni, sai ya tsaya ya tambayi maigidana sunan kakansa da na ƙanwar. Ya faɗa, kansa a ƙasa. Baba ya sa su a ciki, ya ƙara da sunan da tsohuwa ke kira. Yaya ya ɗaga hannu tare da kowa, amma ana shafawa ya tashi ya ce yana da baƙi.

Binciken yarinyar bai samu makin da take so ba. Malamar ta rubuta mata cewa shaidun suna da ƙarfi, amma an ce ta zaɓi ɓangare ta kare, ita kuwa ta goyi bayan masu maganar masana'antu a shafuka shida, sannan ta kawo abin da ya raunana hujjarta a shafuka huɗu. Ta ji haushi kwana biyu. Daga baya malamar ta kira ta ofis ta tambaye ta ko akwai sauran dattawa a unguwa da za su yarda a naɗe su, ta ce mata akwai, amma sai ta koyi yi musu tambaya da bakinta. Tun daga nan take amsa wa babanta da Hausa, a karkace, yana gyara mata.

Bayan wata huɗu maigidana ya ce yana so a mayar da iƙamarsa sunana, tunda doka ta ba mijin 'yar ƙasa wannan damar. Na je na gaya wa Yaya da kaina. Ya ce dama ya fi, ya sake shi ba gardama. Ya bar shagon Uhudu, ya kama aiki da wani kamfani mai kula da na'urorin otal-otal kusa da Harami. Aikin ya fi wahala, akwai mai sa ido a kansa, ba ya tashi sai an ce ya tashi, amma ya ce ya fi samun barci. Matar Yaya ba ta fasa aiko mana da abincin buɗa-baki ba, ni ma ban fasa aika musu ba. A sallar da ta wuce sahu ɗaya suka tsaya, shi da Yaya. Ina cikin mota da yara na hango su a bakin masallaci sun yi musabaha, kowa ya tambayi iyalin ɗan'uwansa, sannan Yaya ya nufi inda ya ajiye motarsa, maigidana ya tsallako titi ya zo ya ja mu muka tafi gaida Baba.